Wanda Ya Taka wa Tela Keke

Ƙarya iri-iri ce. Akwai ta tsoro, akwai ta kunya, waɗannan a bar wa Allah. Amma wadda mutum zai shirga a bakin gadon majinyaci don kada cinikinsa ya taɓu, ita ba ta jiran lahira, tun a nan take cin mai ita. Irinta Dillali ya yi wa maƙwabcinsa Tela.

"Ta hammata za ki kama shi, Yaya, ba ta hannu ba. Yawwa. Ƙara masa matashi. Ina hular?"

Dillali ne tsaye a tsakiyar ɗakin Tela, waya a hannu, yana ba da umarni kamar mai ɗaukar hoton biki. Matar Tela, wadda duk layin ke kira Innar Auta, ta jingina mijinta da bango, ta goge masa fuska da jiƙaƙƙen tsumma, ta ɗora masa hula. Hular da a da take zama daram a kansa, yanzu sai ta zarce har kunne.

"Ture ta baya kaɗan. Kwashe kwalaben maganin nan daga taga, za su fito a hoto. Ja bargo ki rufe ƙafafun."

Ƙafafun kuwa sun kumbura sun yi sumul, in an danna da yatsa sai gurbin ya zauna. Ciwon hanta ne. Asibiti sun riƙe shi har suka gaji, suka ce a koma gida a ci gaba da addu'a, kowa kuma ya san abin da wannan magana take nufi.

"Ƙanena," in ji Tela, muryarsa can ƙasa, "wannan kwalliya duk ta mece ce? Zance za ni?"

"Zancen 'yarka za ka, Yaya. In ta gan ka a yamutse, hankalinta ya tashi a ƙasar mutane, wa gari ya waya?"

Wayar ta yi ƙara. Dillali ya danna, ya daidaita ta yadda daga ƙirji zuwa hula kawai za a gani. Fuskar Auta ta bayyana, 'yar Tela tilo da ta rayu, tana tsaye a wani kicin mai farin tayil, bayanta tulin kwanuka. Aikatau take yi a wani gida a hayin teku, kuma Dillali ne ya tura ta. Uwar ɗakinta ce ke riƙe mata waya da fasfo, sau ɗaya a mako take ba ta wayar, da rana, in ta shiga barci. Gidan Tela babu waya mai hoto, saboda haka ta Dillali ake kira.

"Baba! Ina wuni? Ya jiki?"

"Da sauƙi, 'yar Baba. Da sauƙi."

"Ka rame fa."

Dillali ya cuso kansa cikin hoton. "Wayar ce, Auta, tsotse mutum take yi. Ni ma jiya aka ce na rame, alhali ga tumbina nan ya hana ni ganin takalmina."

Ta yi 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba. "Kawu ke nan." Suka gaisa da uwarta, ta tambayi kaza da kaza, tana magana ƙasa-ƙasa tana waiwayen ƙofa. Can ta ce, "Kawu, ba wai na ƙi maganarka ba ne. Amma kullum a jingine nake ganinsa. In dai da sauƙin ne, mako mai zuwa ina so in gan shi a kan kekensa na ɗinki, ko da faci ɗaya ya yi."

"Wannan ne kawai? An gama."

Wata murya ta kwaɗa kira daga cikin gidan can, hoton ya ɗauke.

Innar Auta ta cire hular, ta mayar da kwalaben magani kan taga. Tela ya sulale ya kwanta, yana numfashi kamar wanda ya hau tudu da kaya. Sai da ya huta ya kamo gefen rigar Dillali.

"Ƙanena, wasan nan ya isa. Ni na san jikina. Ka kira mini ita ta zo."

"Za a yi, Yaya. Ka bar ni da mutanen can."

To, kafin a ji abin da ya hana shi, sai a san yadda aka yi Auta ta tafi. Tela ba ƙaramin tela ba ne a zamaninsa. Shagonsa na bakin titi, kekuna a jere, masu jiran ɗinki a kan benci har waje. Sai jiragen ruwa suka fara sauke dila-dilar gwanjo da tulin riguna ɗinkakku daga ƙasashen da ba a taɓa jin sunansu ba, riga guda ta fi zaren da za a ɗinka ta araha. Mutane ba su da laifi, talaka inda sauƙi yake nan yake bi. Shago ya mutu a tsaye. Aka sayar da kekuna, saura ɗaya, na ƙafa, wanda ya dawo da shi ɗakinsa ya ajiye a gindin taga. Mutumin da ya yanka wa manya riguna ya koma rage ƙugun wandon da wani ƙato ya gama sawa a wata duniya.

Shi kuwa Dillali, bango ɗaya ya raba su, kuma Tela ne ya ɗinka masa rigar aurensa kyauta. Ya yi dillancin gidaje, ya yi na tsofaffin babura, bai tsinana komai ba, sai da ya haɗu da wani kamfani na hayin teku mai neman 'yan mata masu aikin gida. Nan kakarsa ta yanke saƙa. Ya kama ofis, ya sa labule da fanka, ya koyi zama a kujera mai juyi. Bakinsa kullum magana ɗaya: "Duniya ta zama kasuwa ɗaya. Su turo mana riga, mu tura musu hannu. Karen bana shi ke maganin zomon bana."

Ranar da ya fara kawo maganar Auta, Tela ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Kasuwa ɗaya? Rigarsu tana shigowa garin nan ba wanda ya tambaye ta takarda. 'Yata kuwa ka ce sai an auna jininta, an duba haƙoranta, kamar akuyar sayarwa. Wace irin kasuwa ce wannan, ƙofar shiga wagege, ta fita kamar kafar allura?"

Amma yunwa ba ta jin wa'azi. Da ciwo ya fara taɓa shi, Auta da kanta ta ce za ta. Ta tafi, kuma gaskiya ce, abin da take aikowa shi ke sayen magani.

Ga inda gizo yake saƙa. A ƙa'idar kamfanin, in uba ko uwar yarinya na bakin mutuwa, dillalin da ya kawo ta shi zai shaida, a karɓo mata fasfo a sa ta a jirgi. Kalma ɗaya daga bakin Dillali ta isa. Sai dai duk dillalin da yarinyarsa ta koma kafin wa'adi, ana dakatar da sauran 'yan matansa har sai an ga hali. Shi kuwa a lokacin yana da wani rukuni a hannu, takardunsu sun fito, ranar tashi kawai ake jira. Ya ce a ransa: bari waɗannan su ɗaga tukuna. Tela ai ya daɗe yana jinya, mako ɗaya ko biyu ba za su kashe shi ba. Haka mai kwaɗayi yake yi wa Mala'ikan mutuwa lissafi, kamar yaron shagonsa ne.

Washegarin kiran Auta da hantsi Mai Kemis ya zo yi wa Tela allura. Da ya fito, ya tarar da Dillali a ƙofar gida yana goge takalmi, ya ja shi gefe.

"Maigida, kai ne mai wayar. In akwai wanda za a kira, a kira shi yanzu."

"Kai likita ne ko mai duba?"

"Ni mai sayar da magani ne. Amma na ga idon mutumin nan ya koma ruwan ƙwai, fitsari ya ɗauke. Na faɗa maka, na fita."

A cikin gida ma bai tsira ba. Matarsa ita ke taya Innar Auta wankin zannuwan jinya, ta dawo hannunta duk ya yi fari da sabulu, ta same shi yana cin abinci.

"Ka gaya wa mutanen naka?"

"Ana kan magana."

"Ana kan magana, ko kana kan cin abinci? Malam, ka ji tsoron Allah. Mutumin nan ko motsin mota ya ji sai ya ɗaga kai."

Ya ajiye cokali. "Ke, maganin da yake sha, daga sama yake faɗowa? In ta dawo, wa zai saya? Ke? Ni fa taimakonsu nake yi. Ku mata ba ku san yadda duniya take tafiya ba."

"Na san dai kura ke shan bugu, gardi ke amshe kuɗi. Maganin me kuma ya rage? Mutum na neman 'yarsa, kana maganar kwalba."

"To, uwar iya magana. Labulen nan da kike taƙama da shi, da fankar da kike kwana a ƙarƙashinta, gardin ne ya kawo su."

Ta dube shi, ta kwashe kwanon tun bai gama ba.

Ranar kira ta zagayo. Dillali ya shigo ɗakin Tela tun kafin lokaci, ya yaye ƙyallen da aka rufe keken ɗinki da shi, ya hure ƙura, ya jawo kujera. Ya samo wani tsohon wando ya cusa ƙarƙashin allura.

Innar Auta ta tare shi. "Haba, ƙanin Malam. Mutumin da ko zama ba ya iyawa?"

"Yaya, saurara. Yarinyar nan in ta tsorata, gudu za ta yi daga gidan mutane. Kin san abin da ake yi wa wadda ta gudu ba fasfo? Kurkuku. Kina so ki rasa miji ki rasa 'ya? Yau kawai. Gobe da kaina zan kira kamfani, a bi ta hanyar da ta dace."

Tsoro ya fi bulala. Ta kama kafaɗa ɗaya, ya kama ɗaya, suka ɗago Tela kamar buhun da ya jiƙe suka ɗora a kujera. Kansa ya yi gaba, ya dafe teburin keken da hannu biyu. Ya shafa ƙarfen a hankali, kamar mai shafa wuyan doki.

"Ba zan iya takawa ba, ƙanena."

"Ba sai ka taka ba. Kai dai riƙe wandon, ka yi murmushi. Yaya, ke za ki riƙe wayar. Daga ƙirji zuwa sama, kada ki sauke."

Ya tsaya daga gefe inda hoto ba zai kama shi ba, ya miƙa ƙafa ɗaya ya ɗora a kan matakin keken. A ganinsa taka keke ai taka keke ne, abin da tsoho mai ciwo yake yi shekara da shekaru, shi mai lafiya zai gagare shi? Bai san cewa sai an fara juya wili da hannu an ba shi hanya ba, sannan ƙafa ta karɓa, diddige da yatsu suna amsa wa juna.

Wayar ta yi ƙara. Auta ta fito, ta ga ubanta zaune gaban keke da hula, fuskarta ta washe.

"Baba! Alhamdu lillahi! Kai da na ce faci ɗaya, har wando ka samu?"

Dillali ya danna mataki. Keken ya yi gaba kaɗan, ya tsaya, ya koma da baya. Ya ƙara dannawa da ƙarfi, ƙarfe ya yi ƙara ƙaƙas-ƙaƙas, zare ya cukurkuɗe ya tsinke, allura ta ci gaba da sukar wando ba komai a hancinta. Shi bai ma sani ba, sai ƙara himma yake yi, gumi na tsattsafo masa.

Murmushin Auta ya gushe. Ta karkata kai, ba kallo take yi ba, saurare take yi.

"Wa ke taka keken nan?"

"Babanki mana," in ji Dillali daga gefe, yana haki. "Ya kwana biyu bai hau ba ne."

"Kawu, a ƙarƙashin keken nan na yi rarrafe. Da ƙararsa nake barci. Baba ko daga barci aka tashe shi ba zai taka keke ya koma baya ba." Ta matso da fuskarta kusa da wayar. "Inna. Inna, sauke wayar ƙasa. Nuna mini ƙafarsa."

"Sabis ne yake..." Dillali ya fara.

"Inna, don girman Allah."

Innar Auta ta dubi Dillali, ta dubi mijinta, sannan ta sauke wayar a hankali. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ga ƙafafun Tela nan biyu a ƙasa, kumburarru, ko silifa ba sa shiga, suna gefe ba su taɓa mataki ba. Ga kuma takalmin Dillali baƙi mai sheƙi a kan matakin, ya kasa ko janyewa.

Tela ne ya tattara abin da ya rage masa, ya ɗago kai, ya nemi wayar da ido.

"Auta," ya ce. "Ki zo."

Aka ji ta ja numfashi kamar wadda aka soka. Sai muryar nan ta cikin gida ta kwaɗa kira, hoton ya ɗauke.

A nan Allah Ya ba Dillali dama ta ƙarshe, don ba a kama bawa sai an ja masa igiya. Kashegari yana ofis, fanka na juyawa, wayarsa ta yi ƙara. Manajan kamfani ne, mutumin da bai taɓa gani ido da ido ba, murya ce kawai mai sauri, kamar ana korarsa.

"Yarinyarka ta hana gidan mutane sakat. Kuka take yi, ta ce ubanta na mutuwa. Matar gidan tana kan layi tana jinmu. Gaskiya ne ko ba gaskiya ba? In gaskiya ne mu sako ta, amma ka san ƙa'ida, sauran naka za su jira."

Dillali ya dubi fasfunan da ke jere a kan teburinsa. Ya tuna hannun Tela a kan ƙarfen keke, ya kawar da tunanin kamar mai korar ƙuda.

"Ranka ya daɗe, tsufa ne kawai. Jiya ma a kan aikinsa ta gan shi. Kewar gida ce irin ta yara, za ta ware."

"Na gode. Haka nake son dillali."

Ya ajiye waya ya ce wa kansa, da zarar rukunin nan ya tashi zai gyara komai. Da na sani ƙeya ce, a baya take, shi ya sa mai ita ba ya ganinta.

Tela bai ƙara tashi zaune ba tun daga ranar keke. Aka dawo da shimfiɗarsa kusa da ƙofa don ya ce yana son jin titi. In mota ta rage gudu a bakin layi sai ya buɗe ido.

"Ita ce?"

"Mai ruwa ne, Malam," in ji matarsa. Ko, "Masu gwanjo ne ke sauke kaya."

Ranar da zai cika, da hantsi ne, rana ta shigo ta ƙofa ta kwanta masa a ƙirji. Matar Dillali na yi masa fifita, Innar Auta na ɗiga masa ruwa a leɓe da cokali. Dillali ya leƙo don a ce ya leƙo, zai juya, sai Tela ya yi masa alama da yatsa. Dole ya durƙusa.

"Ka gaya musu?"

Matan biyu suka zuba masa ido.

"Na gaya musu, Yaya. Tana hanya."

Tela ya lumshe ido, fuskarsa ta saki. Ya laluba ya kama hannun Dillali, ya riƙe da ɗan ƙarfin da ba a zaci yana da shi ba.

"Madalla da maƙwabci. Allah Ya saka maka daidai da abin da ka yi mini."

"Amin," in ji Innar Auta da zuciya ɗaya.

Dillali ya buɗe baki, amin ɗin ta ƙi fita. Ya so ya zare hannunsa, tsohon bai saki ba. Haka ya zauna a durƙushe, ƙafarsa ta yi sanyi, yana jin numfashin Tela na ja yana tsayawa, yana ja yana tsayawa. Wata mota ta rage gudu a bakin layi. Tela ya buɗe ido, ya juya su wajen ƙofa, leɓensa ya motsa. Motar ta wuce. Idon bai dawo ba.

Innar Auta ta ajiye cokali a cikin kofi a hankali, kamar kada ta tashe shi, ta yi salati. Matar Dillali ce ta ɓamɓare yatsun mamacin daga hannun mijinta, ɗaya bayan ɗaya, ba ta dubi fuskarsa ba.

Aka yi masa sutura aka kai shi kafin rana ta karkata. Dillali na gaba-gaba wajen ɗaukar makara, har yana share ido, mutane na cewa, "Sannu, kai ne ka yi rashi."

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ana zaman makoki, maza a kan tabarmi a ƙofar gida, sai aka ga mata na fitowa daga gidajensu suna taruwa biyu-biyu, uku-uku, kowacce da waya a kunne. Akwai wata 'yar layin da ke aikatau a gari ɗaya da Auta, ita ta turo wa uwarta saƙon murya, uwar ta tura wa ƙawarta, kafin la'asar ya zaga layin kaf. Igiyar da ta ja 'ya'yan mutane zuwa can, ita ta jawo maganar zuwa nan. Mai Kemis ya karɓi wayar matarsa, ya zo tsakiyar tabarma, ya kunna saƙon da ƙarfi yadda kowa zai ji.

Auta ce, muryarta a dishe. "Ku gaya wa Inna, da kunnena na ji. Matar gidan ta buɗe muryar wayar a gabana. Kawu ya ce tsufa ne kawai, ya ce kewar gida nake yi. Sun hana ni fasfo. Ni dai zan fita, ko da ƙafa ne. In Baba ya tambaya, ku ce ina hanya."

Bayanta sai muryar ɗaya yarinyar, tana kuka: Auta ta fice ta ƙofar kicin da kayan jikinta, an tsare ta a hanyar filin jirgi ba takarda, tana can a kulle tare da irinta, ba a san ranar fitowa ba.

Ba wanda ya zagi Dillali. Da an zage shi da ya ji sauƙi. Wanda ke damansa ya tashi ya koma wata tabarma, wanda ke hagunsa ya tuna yana da uzuri. Aka bar shi shi kaɗai a tsakiyar tabarma mai faɗi, ana zuwa gaisuwa ana tsallake shi kamar rami.

Ga abin da ya girba, a ƙirga masa.

Iyayen 'yan matan da yake tattali suka zo ofis ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta miƙa hannu ta karɓi fasfon 'yarta, ba gaisuwa ba sallama. Rukunin da ya sayar da maƙwabcinsa dominsa, ko mutum ɗaya bai tashi ta hannunsa ba.

Manajan da ya ce haka yake son dillali ya kira sau ɗaya, ya ce wanda yarinyarsa ta gudu ba shi da sauran aiki da su. Kafin Dillali ya ce uffan an kashe waya. Ba a rufa mako ba suka naɗa wani a layin baya, 'yan mata suka ci gaba da tafiya ta hannunsa, don yunwar da ta kori Auta ba ta mutu tare da Tela ba. Kamfani bai yi asarar ko tsinke ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Ofis ya koma hannun mai shi, wani mai gwanjo ya zuba dila a ciki.

Matarsa ta naɗe kayanta ranar da aka tashi daga makoki. Ta ce, "Hannun da na ɓamɓare daga na mamaci, ba zan iya ci daga cikinsa ba." Ta tafi gidan yayanta da yaran, ba ta ɗauki labule ko fanka ba.

Sunansa ma ya tafi. Yaran layi da ke ce masa Kawu suka daina, manya in dole ta kama a ambace shi sai su ce "mutumin nan."

Sai bayan watanni aka sako Auta. Dillali na zaune a dakalin ƙofar gidansa da rana tsaka, ba aiki ba baƙo, ya ga mota ta tsaya a bakin layi. Ta fito ta rame, gyale ya yi mata yawa, silifan roba a ƙafarta ɗaya shuɗi ɗaya baƙi, 'yar leda a hannu, ita ke nan abin da ta kawo daga hayin teku. Ya miƙe tsaye, ya gyara murya.

"Auta... sannu da hanya."

Ta wuce ta gabansa kamar ta wuce turke. Innar Auta na tsaye a bakin ƙofa, ba ta yi kuka ba, ta karɓi ledar, ta kama 'yarta ta wuyan hannu ta shigar da ita. Sannan ta dawo, ta ture dutsen da ke tokare ƙyauren gidan da ƙafa, ta rufe shi a hankali. Dillali na tsaye a rana, ya ji an zura sakata.